Ba kowane ja ne Halobacterium ba

Ɗana, ka tambaye ni ko tunda ƙwayoyin da suka tsiro a farantinka daga ruwan gishirin Balma jajaye ne, za ka iya rubuta musu suna Halobacterium, wato jajayen ƙwayoyin nan masu son gishiri na dangin arkiya, ka huta. Ba za ka rubuta ba. Akwai bakteriya mai suna Salinibacter ruber, wadda aka bayyana a 2002 daga gonakin gishiri na ƙasar Sifen, ita ma ja ce, ita ma tana son gishiri, alhali kuwa ba ta cikin dangin arkiya, ƙananan halittun da masanin kimiyya Carl Woese ya ware daga bakteriya a 1977.

Ka fara tabbatar da inda samfurinka ya fito. Wani mai neman digiri ya taɓa kawo mini kwalabe, ya rantse da Allah cewa da hannunsa ya ɗebo su a ramukan gishiri na Balma. Na haɗa masa abincin ƙwayoyi mai gishiri kashi 25 cikin ɗari, da magnesiyam isasshe, pH (ma'aunin tsami da kanwa) yana wajen 7, kuma da kuɗin aljihuna na sayi sinadarin yis, domin ya ce tallafinsa bai sauka ba. Na ɗaure faranti cikin leda don kada su bushe, na sa su a zafin digiri 37, ina kwana ina tashi da janareta saboda ɗaukewar wuta. Babu abin da ya tsiro. Mutumin nan ya shiga gari yana cewa hannuna ya mutu, ya kwashe kwalabensa, ko sisin kwabo bai biya ba. Sai da na auna ragowar da ya manta a firji na ga pH ya kai 10. Ashe kanwa ya saya a kasuwa ya jiƙa da gishiri, ya cinye kuɗin mota. Ƙwayoyin da ke rayuwa a kanwa, irin Natronobacterium na tafkin Magadi a Kenya, suna buƙatar pH 9 zuwa 10 da magnesiyam kaɗan ƙwarai, don haka abincin da na ba su ba nasu ba ne ko kusa. Yau ana kiransa Dakta, kuma har yanzu idan ya hango ni sai ya sauya hanya.

Saboda haka ka auna pH kafin ka taɓa komai. Sannan ka ɗiga ruwa tatacce a kan ƙwayoyin ka duba da madubin ƙara girma: yawancin arkiya masu son gishiri fashewa suke yi, ruwan ya zama mai yauƙi. Ka gwada su da fenisilin, wanda ba ya yi wa arkiya komai. Idan za ka yi rinin Gram, wato rinin da ake bambance ƙwayoyi da shi, ka bar abin da ka shafa a gilashi ya bushe a iska, ka jiƙa shi da asetik asid kashi 2 cikin ɗari na minti 5 ya wanke gishirin, in ba haka ba tarkace kawai za ka gani.

Ku yaran yanzu kuna so ku tura komai waje a karanta muku ƙwayar gado ta 16S, wadda da ita ake gane jinsin ƙwaya, waya ta ba ku suna. Lallai sai da ita ake yanke hukunci a ƙarshe, amma faranti mai gauraye sakamako mai gauraye zai dawo maka, kuɗinka sun tafi. Ka sake shafa kowace ƙwaya ita kaɗai har ta tsarkaka, ka rubuta yawan gishirin da take tsirowa a ciki, ka kawo mini littafinka in gani kafin ka sake ambata wani suna.