Amsa ga Yaron Shago Kan Ƙara Hasken Fitilun Tsohuwar Peugeot 504

Ɗana, na samu saƙonka game da Peugeot 504 ɗin da aka kawo gareji bayan tafiyata. Ka ce mai ita yana kuka da cewa fitilunta sun dusashe har ya daina fita da ita bayan magariba, ya nemi a sa masa fararen ƙwayayen LED irin na motocin zamani, kai kuma kana tambaya ko ka cire tsofaffin ka sa masa kawai. Amsata ita ce kada ka sayi komai tukuna, kada kuma ka bar shi ya saya. Ka ɗauko mitar auna wuta, domin a mafi yawan motocin da suka kai wannan shekaru laifin ba na ƙwan fitila ba ne, wuta ce ba ta isa gare shi yadda ya kamata.

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, a Kaduna kuma an yi ta haɗa ta tun daga shekarun 1970 har zuwa farkon wannan ƙarni, saboda haka ko wace ce a cikinsu ta shigo hannunka, wayoyinta sun sha zafin inji da ƙura da damina masu yawa. A tsarin irin waɗannan motoci, duk wutar da fitilun gaba za su ci sai ta tashi daga batir, ta shiga cikin mota, ta ratsa makunnin da ke jikin sitiyari, sannan ta dawo gaba ta tarar da ƙwan. Kowace mahaɗa da ta yi tsatsa a wannan doguwar hanya tana cin nata rabon, haka ma bakin makunnin da ya ƙone, haka ma wurin da wani mai wayarin na baya ya murɗa waya biyu ya naɗe da salatif. Ƙwan da ke da zare a ciki kuwa ba ya yafe ƙarancin wuta ko kaɗan: idan volt ya ragu da kashi 10 cikin 100, hasken da yake bayarwa yakan ragu da kusan kashi 30. Motar da altanetarta ke ba da volt 14 amma 11.5 ne kaɗai ke isa bakin fitila ta yi asarar kusan rabin haskenta, alhali ƙwan lafiyarsa lau.

Ka tayar da inji, ka kunna gajeriyar fitila, ka fara auna kan batir, inda ya kamata ka ga volt tsakanin 13.8 da 14.4. Idan ka ga ƙasa da haka, matsalar caji ce, kuma ita za ka fara gyarawa. Daga nan ka ɗora jan bakin mita a kan fozitif na batir, baƙin kuma ka cusa shi ta bayan soket a kan ƙafar da ke kai wuta ga ƙwan, ba tare da ka zare soket ɗin ba, domin awon da aka yi fitila a kashe ba ya nuna komai. Abin da mita ta rubuta shi ne wutar da ta ɓace a hanya, kuma bai kamata ya wuce rabin volt ba. Ka sake yin haka tsakanin negatif na batir da ƙafar da ke komawa jikin mota, inda nake so ka ga ƙasa da 0.2. Wannan ɓangare na biyu shi yara suka fi mantawa, ga shi kuma sau da yawa nan ɓarnar take, a wani ƙaramin noti da ya yi tsatsa a bayan fitila, wanda goga da ɗan giris za su gyara cikin minti kaɗan.

Idan awo ya nuna asara mai yawa a ɓangaren fozitif, maganinta rile ne, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babba, guda biyu, ɗaya na gajeriyar fitila, ɗaya na doguwa. Ka juya rile ɗin za ka ga lambobi huɗu a gindinsa. Lamba 30 za ta ɗauki wuta kai tsaye daga batir ta cikin fiyus, 87 za ta kai ta ga fitilu, 86 za ta karɓi tsohuwar wayar da ke fitowa daga makunni, 85 kuma a ɗaure ta a jikin mota. Da wannan tsari makunnin sitiyari ya huta, domin abin da zai riƙa ɗauka bai kai rabin amfiya ba, maimakon amfiya tara ko goma da yake ɗauka a da, kuma wutar fitila za ta bi gajeriyar hanya a cikin sabuwar waya. Ka yi amfani da waya mai kaurin 2.5mm², ta jan ƙarfe zalla, ka fere bakinta ka kankare ka gani, domin akwai wadda aka shafa wa launin jan ƙarfe cikinta kuwa alminiyom ne. Fiyus na amfiya 15 ya isa kowane layi, a ajiye shi kusa da batir sosai, saboda tazarar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai tsaronta idan waya ta goge ta taɓa ƙarfe. Kada ka haɗa doguwa da gajeriya a kan fiyus ɗaya don tsimin kuɗi, domin ranar da ya ƙone a kan hanyar Zariya da tsakar dare direba zai rasa duka biyun a lokaci guda.

Akwai wani abu da nake so ka kiyaye a nan, tunda mota ce da mai ita ke riƙe da ita don ƙauna, ba don haya ba. Kada ka yanke tsofaffin wayoyinta. Ka haɗa sabon layin daban, da filogin da zai shiga tsohon soket ɗin fitila ya ɗauko umarni daga can, ta yadda duk ranar da aka so mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, zare shi kawai za a yi. Ka ɓoye rile ɗin a inda ruwa ba ya zama, ƙafafunsa suna kallon ƙasa, ka matse kowace mahaɗa da kyau, kada a buɗe bonet a tarar da wayoyi masu launi-launi suna lilo a kan inji.

Bayan wuta sai kwanon fitilar kansa. Ka cire ƙwan, ka haska tocila ta ramin, ka dubi madubin da ke ciki. Shafi ne siriri ƙwarai aka yi wa ƙarfen, kuma idan ruwa ya daɗe yana shiga za ka ga ƙasansa ya yi ja da tsatsa, samansa kuma ya yi toka-toka. Madubin da ya mutu ba ƙwan da zai tashe shi, sai dai a nemi wani kwanon a wajen masu kayan gyara, irin su Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Idan ƙura ce kawai, ka zuba ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, ka girgiza a hankali, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe sarai. Kada ka sa tsumma ko yatsa ka goge shi, domin shafin zai biyo hannunka. Wajen sayen wani kwanon kuma ka dubi rubutun da ke jikin gilashi. Idan ka ga kibiya mai kai ɗaya tana nuna hannun damanka lokacin da kake fuskantar fitilar, an yi ta ne don ƙasashen da ake tuƙi a hagu, irin su Ingila da Kenya, kuma haskenta yana ɗagawa ta ɓangaren hagu, wato cikin idon mai tahowa a titinmu. Nijeriya ta koma tuƙi a dama tun 1972, saboda haka wadda ba ta da kibiya muke so, ko mai kibiya mai kai biyu da ake iya saitawa.

Sai yanzu muka iso ga ƙwan. Tsofaffin 504 da yawa sun zo da ƙwan R2 mai wat 45 da 40, wanda gindinsa zagayayye ne mai faɗi, waɗanda aka ƙera daga baya kuma da H4 na halojin mai wat 60 da 55, mai kunnuwa uku. A ma'aunin haske, H4 yana ba da lumen 1,650 a doguwa da 1,000 a gajeriya, kuma a doguwa hakan ya kusa ninka na R2. Gindinsu ba ɗaya ba ne, don haka kada ka lanƙwasa kunnuwan H4 ka cusa shi a ramin R2, domin zaren zai kauce daga inda madubi yake tsammaninsa ko da da milimita ɗaya ne, hasken kuma ya watse. Akwai ƙwan halojin da aka yi da gindin R2, shi za ka nema. Ka riƙe shi ta ƙarfe, domin maiƙon yatsa a jikin gilashinsa yana rage masa kwana. Mai wat 100 da 90 da za a tallata maka kuwa ban yarda da shi ba a wannan mota. Guda biyu suna jan sama da amfiya 15, suna narkar da soket na roba, suna toya madubin da muka gama lallaɓawa, suna kuma ɗora wa ƙaramar altaneta nauyin da ba a yi ta don shi ba.

Game da LED ɗin da mai motar yake so, ga abin da za ka fahimtar da shi cikin ladabi. Madubi da zanen da ke jikin gilashin wannan fitila an lissafa su ne a kan wani ɗan zare siriri da ke ba da haske ta kowace fuska, wanda aka sa wa ƙaramin murfi na ƙarfe a ƙarƙashinsa domin ya yanke hasken da zai tashi sama. Wannan murfi ne ke samar da layin da kake gani a bango, sama duhu, ƙasa haske. Ƙwan LED na kasuwa yana fitar da haskensa daga ƴan faifai biyu da ke gefe da gefe, kuma a yawancinsu girman faifan da wurin zamansu ba su yi daidai da na zaren ba, sai layin ya ɓace, haske ya taru a gindin mota da saman bishiyoyi, nesa kuma ta zama duhu. Direba yana ganin fari fat a gabansa sai ya ɗauka ya samu ƙari, alhali idonsa ya tsuke saboda hasken kusa, mai tahowa kuma an makantar da shi a hanyar da ba ta da raba-tsakani. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A lokacin hunturu abin ya fi muni, domin farin haske mai shuɗi-shuɗi da ya watsu sama yana dukan hazo ya dawo cikin ido. Faransawan da suka ƙera motar nan sun tilasta fitila ruwan ɗorawa a ƙasarsu daga 1937 har zuwa 1993, kuma hujjarsu ita ce rage ɗaukar ido. Idan ya dage sai LED, ka gwada masa a bango, gefe ɗaya halojin gefe ɗaya LED, ya gani da idonsa. Idan layin bai fita tsaf ba, ni ba na son aikin ya fita daga shagona.

Duk abin da ka sa, sai ka saita. Ka tsayar da motar a ƙasa mai daidai, mita 10 daga bango, tayoyi da iskarsu, mutum ɗaya a kujerar direba. Ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka ja layi a bango daidai wannan tsayi, sannan ka juya sukurorin saiti har yankan gajeriyar fitila ya sauka santimita 10 zuwa 12 ƙasa da layin, ɓangaren da ke ɗagawa kuma ya tashi ta dama. Idan doguwar 504 ce mai kujeru layi uku, ka tambaye shi yawan kayan da yake ɗora mata, domin da zarar baya ya zauna hanci zai ɗaga, don haka gara ka ɗan ƙara sunkuyar da ita.

A bayan mota ne LED yake da amfani na gaske, saboda yana kamawa nan take idan an taka birki, yana kuma cin wuta kaɗan. Ka sa ja a bayan jan gilashi, domin fari yana fitowa ne a koɗe. Ƙwan danja mai wat 21 da 5 ƙusoshinsa biyu ba tsayinsu ɗaya ba, kada ka tura shi a juye, sai fitilar dare ta koma mai ƙarfi, ta birki ta koma mai rauni. Idan ka ga danja tana ƙifta ido tare da sigina, wayar da ke komawa jikin mota ce ta saki a can baya. Sigina kuma tsohuwar filasharta, wato abin da ke sa ta ƙiftawa, da zafin wutar ƙwayaye masu wat 21 take aiki, saboda haka idan ka sa LED za ta tsaya cak ko ta rikice, sai ka canza filashar zuwa irin ta zamani wadda ba ta damu da nauyin ƙwai ba. A dashbod kana iya canza ƙwayayen agogo, amma idan motar tana da jar fitilar caji ka bar mata ƙwanta mai zare, domin a altaneta da yawa ta cikinsa ne ƴar wutar da ke tayar da caji take bi, kuma LED ba ya barin isasshiya ta wuce. Ka rubuta awon da ka samu kafin aiki da bayansa a takarda, ka ajiye mini tare da tsofaffin ƙwayayen, zan duba saitin da kaina da dare kafin a ba shi makulli.