Ba faɗowa ya yi ba, sauka ya yi a gona

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga hoton da ka sa na farin jirgin nan mai dogayen fukafukai, kwance a wata gona a Ingila ba kowa kusa da shi, kana tambaya ko hatsari ne, in kuma ba hatsari ba ne, ta yaya mutum zai bar dukiya haka ya kama gabansa. Na yi zama can kafin in dawo Aboabo, kuma Asabar da Lahadi nakan taimaka wa wani kulob na masu irin wannan jirgi da jan tirela.

Gilaida ke nan, jirgi marar inji. Wani ƙaramin jirgi ke jan sa sama da igiya, ko a fizge shi da doguwar waya daga ƙasa, sannan a sake shi. Daga nan sai iska mai zafi da ke tasowa in rana ta gasa ƙasa. Yadda ungulu ke shawagi saman mayanka ba ta kaɗa fiffike ba, haka matuƙin ke zagaye cikinta yana hawa. Mai kyau yakan ci kilomita 40 kafin ya sauko da kilomita 1. Amma da hadari ya rufe rana, ko yamma ta yi, dole a sauka. Sai matuƙi ya zaɓi gona mai faɗi wadda ba wayar lantarki, an girbe ta ko ciyawarta gajera ce. Ana koya masa wannan tun kafin a bar shi ya yi nisa da fili.

Tafiyar da yake yi kuwa, neman mai gona ce. Ka shiga gonar mutum ba sallama, kuma za a shigo da mota da tirela, to ya zama wajibi ka je ka gaishe shi, ka ba shi haƙuri, ka tambayi ƙofar da za a bi. Ni a wurina matuƙin da ya tsallake wannan bai san aikinsa ba, komai gwanintarsa a sama. 'Yan ɗauko shi kuma suna iya yin awanni a hanya, ga fukafukan daga wannan baki zuwa wancan mita 15 ne ko fiye, sai mutum biyu ko uku ke zare su.

Ɓarawo ba ya damun su sosai. Jirgin na ɗauke da lambar rajista ɓaro-ɓaro, wa zai saya? Iska ce abin tsoro. Abin da aka ƙera don ya tashi da 'yar iska kaɗan, guguwa na iya kifar da shi. Shi ya sa kafin matuƙi ya gusa, zai juya shi yadda iska ba za ta bugi hancinsa ba, ya kwantar da fiffiken da ke ɓangaren iskar, ya danne shi da abu mai nauyi, ya buɗe birkin fukafukai, ya rufe murfin gilashi ya kulle. Murfin nan in aka bar shi a buɗe yana iya tara hasken rana wuri ɗaya har ya ƙona abin da ke ciki.

Sai shanu. Wallahi na taɓa isa wata makiyaya da tirela, na tarar sun yi wa jirgi da'ira, fiffike duk yawu da sawun harshe, wata saniya na sosa wuya da jelarsa. Jikin jirgin ƙwarya ce siririya ta fayiba, wato wani irin roba mai ƙarfi, kofato ɗaya ya isa ya huda ta, gyaran kuma kuɗi ne masu yawa. Gonar da ke da dabbobi ba a barin jirgi a cikinta ko na minti goma, sai dai a kira mai gonar ta waya ko a roƙi wani ya tsaya.

Kada ka ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. A nan Ghana, Kwame Nkrumah ya gayyato matuƙiyar nan Bajamushiya, Hanna Reitsch, a 1962, ta jagoranci makarantar koyon gilaida a Afienya, gaba da Tema, har juyin mulkin 1966. Bikin shawagi a sama na Kwahu da ake yi lokacin Ista tun 2005, daga dutsen Odweanoma a sauka Nkawkaw, wannan laima ce, naɗe ta ake yi a saɓa a baya, ba a barin ta.

A nan gida da irin jirgin zai sauka a gonar masara, taron jama'a zan fi tsoro. In Allah ya sa ka ci karo da shi, fara leƙawa ko akwai mutum a ciki da ya ji rauni. In babu, kada ka ɗaga fiffiken da aka danne, kada ka cire abin da aka ɗora masa, ka hana yara hawa, ka jira mai shi.