Zaki, anga da kan sarauniya: yadda ake karanta hatimin tsohuwar azurfa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Cikin kayan da mahaifinmu ya bari, Allah Ya jiƙansa, akwai cokula shida da faranti ɗaya. A bayan mariƙin kowane cokali akwai 'yan hatimai biyar a jere: zaki, anga irin ta jirgin ruwa, harafin D, kan wata mace, sai wasu haruffa biyu. Farantin kuma EPNS aka buga masa. Azurfa ce ta gaske? Daga ina ta fito, kuma shekarunta nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Kafin komai ina roƙonki abu guda: kada ki bari kowa ya dirje wurin hatiman nan da toka, ko yashi, ko soson ƙarfe. Raina yana ɓaci duk lokacin da aka kawo mini cokali yana ta ƙyalli amma an shafe masa hatimi garin wanki, domin shaidar asalinsa ke nan aka shafe, kuma ba ta dawowa. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun wadatar.

Bisa bayanin da kika yi, cokulan nan azurfar Ingila ce. Zakin shi ne shaidar inganci. Ki duba, za ki gan shi yana tafiya, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Ma'anarsa an gwada ƙarfen an tarar kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce zalla, sauran 75 kuma galibi jan ƙarfe ne da ake haɗawa don ta yi ƙwari, saboda tsantsar azurfa tana da laushi, saurin lanƙwashewa take yi. Tun shekarar 1300, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, doka ta hana maƙeri sayar da azurfa sai an gwada ta an buga mata hatimi, zakin kuma ya shigo a 1544.

Angar tana nuna garin da aka yi gwajin, wato Birmingham, inda aka buɗe ofishin gwajin azurfa a 1773. Kan damisa na Landan ne, kambin sarauta na Sheffield ne kafin 1975, ganuwa mai hasumiya uku kuma ta Edinburgh ce. Amma ki lura, hatimin gari wurin gwaji yake nunawa. Sau da yawa maƙerin yana nan kusa, amma ba dole ba ne. Haruffa biyun nan su ne farkon sunan maƙerin ko kamfanin da ya kai kayan gwaji, kuma ofishin yana da rajistarsu.

Kan macen nan shi ne ya fi faranta mini rai a tambayarki, don ya rage mana rabin aiki. Hatimin haraji ne. Daga 1784 zuwa 1890 gwamnatin Ingila tana karɓar haraji a kan kayan azurfa, idan an biya sai a buga kan mai mulkin lokacin. A duk tsawon shekarun nan mace ɗaya ce ta hau karaga, Sarauniya Biktoriya, a 1837. Ke nan cokulanki sun haura shekara 130, ko da ba mu duba komai ba bayan wannan.

Saura harafin D. Kowace shekara ofishin gwaji yana da harafinsa, misali harafin A bana, B baɗi, har a ƙure haruffan a sake sabon zagaye da wani salon rubutu. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, su ɗauki harafin Birmingham su duba shi a jadawalin Landan, alhali kowane gari da nasa lissafin har zuwa 1975 da aka daidaita su. A Birmingham an fara wani zagaye a 1849 da manyan haruffa miƙaƙƙu, irin na littafin makaranta. In D ɗinki irin wannan ne, 1852 ke nan, ko farkon 1853, tunda a tsakiyar shekara suke sauya harafi. An fara zagaye na gaba a 1875 da ƙananan haruffa masu kauri da lanƙwashe-lanƙwashe, kuma d na wannan zagayen 1878 ne. Akwai wani D na 1827, amma shi da kan namiji yake tafiya, don haka sarauniyar ta fitar da shi. Kin ga dalilin da ya sa ba a karanta hatimi ɗaya shi kaɗai, sai a jera su kowanne ya ba ɗan'uwansa shaida.

Wannan jerawar ce kuma ke raba mutum da ruɗu. Kamfanin Gorham na Amurka ya daɗe yana buga zaki da anga da harafin G a kan azurfarsa, kuma da yawa sun ɗauka ta Birmingham ce. Ita ba ta da kan sarauniya, kuma yawanci za ki ga kalmar STERLING kusa da hatiman. Ko shekara ce ƙiri-ƙiri a jikin abu, sai an bi a hankali. Tsabar azurfar nan ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wadda ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa da Borno, maƙera suka riƙa narkar da ita suna ƙera mundaye da zobba, 1780 take ɗauke da shi, shekarar da sarauniyar ta rasu, ko da kuwa an buga ta bayan shekara ɗari.

Farantin kuwa, gaskiya ba azurfa ba ne. EPNS na nufin ruwan azurfa aka yi wa wani farin ƙarfe ta hanyar lantarki, sana'ar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840. Ƙarfen da ke ƙasa haɗin jan ƙarfe da nikel da zinki ne. Ki duba bakin farantin da gindinsa, inda ya fi gogar tebur, wataƙila ki ga launin ya ɗan dushe ko ya yi ɗorawa-ɗorawa. Ba shi da wani kuɗi a sikeli, amma abin da hannun Baba ya taɓa ne, ki adana shi.

Idan wata rana kika ci karo da azurfar da ba ta Ingila ba: kan mace mai hular yaƙi, wato Minerva, hatimin Faransa ne tun 1838, jinjirin wata da kambi tare da lamba 800 na Jamus ne daga 1888, lamba 84 kuwa tsohon awon Rasha ne, daidai da 875 cikin 1,000.

Yanzu abin da za ki yi, ki ɗora cokali ɗaya a kan baƙin ƙyalle kusa da taga, hasken ya bugo shi ta gefe, ki ɗan huci wurin hatiman don ƙyallin ya kwanta, sannan ki ɗauki hoto da waya kusa-kusa ba tare da kunna fitilarta ba. Ki aiko mini da shi in ga siffar D ɗin da haruffan maƙerin. Ki kuma duba ko duk shidan hatimi iri ɗaya gare su, domin saiti cikakke na maƙeri ɗaya da shekara ɗaya ya fi warwatattu daraja. Kafin nan kada ki raba su, kuma kada ki sayar wa mai auna azurfa a sikeli don ya narkar.