Yadda ake ɓoye layin haɗi idan aka jera hoto ɗaya sau da yawa

Tambaya: Malam, na ɗauki hoton bangon laka da wayata, ina so in shimfiɗa shi a jikin wani gini da nake zanawa a Blender. Amma da na jera shi, sai layi ya fito duk inda hoto ya haɗu da ɗan'uwansa. Hotunan suna da yawa, ba zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai umarnin da zan rubuta ya gyara min?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Manhajar ita ce ImageMagick, kyauta ce, John Cristy ne ya fara rubuta ta a 1987. A siga ta 7 umarnin yana farawa da magick, a ta 6 kuwa da convert.

Abin da ke kawo layin shi ne gefen dama na hotonka bai san gefen hagu ba, haka sama da ƙasa. Fara yanke hoton ya zama murabba'i:

magick bango.jpg -gravity center -crop 1024x1024+0+0 +repage a.png

Wasu sukan juya hoton kamar a madubi da -flop da -flip su manna. Layin kan ɓace kam, sai dai ido yana saurin gano abin da aka ninka, kowace tsaga ta bangon sai ta yi tagwaye suna kallon juna. A kan laka ban yarda da wannan hanyar ba.

Wadda na fi so ita ce -roll. Yana tura hoton, abin da ya fita ta ƙasa ya shigo ta sama. Idan ka tura da rabin tsawonsa, gefunan sun dace da juna, layin kuma ya dawo tsakiya. Sai ka rufe tsakiyar da hoton asali, tunda shi tsakiyarsa lafiya lau take. Don haka kana bukatar marufi, fari a tsakiya, yana duhu a hankali har ya zama baƙi sama da ƙasa:

magick -size 1024x512 gradient:black-white \( +clone -flip \) -append m.png

magick a.png -roll +0+512 a.png m.png -composite b.png

Inda marufin yake fari asali ne ke fitowa, inda yake baƙi wanda aka tura ne. Yanzu ka juya marufin, ka maimaita ta gefe:

magick m.png -rotate 90 n.png

magick b.png -roll +512+0 b.png n.png -composite c.png

Kada ka yi gaggawar haɗa matakan biyu da marufi mai da'ira. Layin da ya dawo tsakiya gicciye ne, ƙafafunsa huɗu sun kai bakin hoton, daidai inda da'irar ba ta rufewa, sai ka tarar da guntayen layi sun rage. (A Windows, cikin umarnin yin marufi, ka cire alamar \ da ke gaban ( da ).)

Gwaji kafin ka kai shi Blender:

magick -size 3072x3072 tile:c.png gwaji.png

Ka ƙanƙanta gwajin ka dube shi daga nesa. A nan ne abin da ya fi layi damuna yake bayyana, wato haske. Idan rana ta fi bugun gefe ɗaya, ko akwai tabo guda mai jan ido, za ka gan shi sau tara a jere, kuma -roll ba ya maganinsa. Ka ɗauki hoton a inuwa ko ranar da hadari ya rufe, wayar tana fuskantar bangon sak, ba a karkace ba.

Wannan haɗin ya fi kyau ga yashi, laka da ciyawa. Bulo ko saƙar tabarma kuwa, layukansu kan hau juna su yi dishi-dishi, sai dai ka yanke hoton daidai inda zanen yake maimaita kansa. Idan hoto ɗaya ya fito yadda kake so, ka zuba umarnan cikin fayil guda, ka sa for, wato umarnin maimaita aiki, ta bi sauran hotunan.