Ku Tambayi Ma'aikacin Laburare: Na Nema a PubMed, Ya Cika Ni da Takardu

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibar aikin jinya ce a shekarar ƙarshe. Bincikena a kan hawan jini ga masu juna biyu ne. Na rubuta kalmomin a PubMed, shafin intanet na neman takardun binciken likitanci, sai ya zubo min dubban takardu, har kaina ya ɗaure. Ta ina zan faro?

AMSA: Sannu ƙanwata. Kusan kowane mako sai wani ya iso teburina da wannan kukan.

Matsalar daga kalmomin take. PubMed, wanda Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka ya buɗe wa kowa kyauta a 1997, yana da jerin kalmomin da ake yi wa takardu laƙabi da su, sunansa MeSH. Nemi "Hypertension, Pregnancy-Induced" a can, ki haɗa shi da abin da ya dame ki, misali magani, ta hanyar rubuta kalmar AND a tsakaninsu, don ya kawo takardun da suka ƙunshi duka biyun kawai. Sannan ki taƙaita zuwa shekara biyar da suka wuce. Za ki ga tulin ya zabge.

Ni da so samu ne, Cochrane Library za ki fara leƙawa, domin can ake tace bincike masu yawa a wuri guda.

In takarda ta nemi kuɗi, kada ki biya tukuna. Tambayi laburarenku ko suna cikin Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don cibiyoyi a ƙasashe masu tasowa su samu irin waɗannan takardu kyauta ko da rahusa.

Kuma don Allah ki sauke Zotero yau, wato manhajar da ke tattarawa da tsara bayanan takardun da kika yi amfani da su, ki daina kwafar sunayen marubuta da hannu. In laburarenku ya sanar da bitar koyar da shi, ki je da kwamfutarki da taken bincikenki.