Hukuncin kafa hujja da tafsirin Yahudawa kan "Bari mu yi mutum"

Tambaya: Malam, wani abokin aikina Kirista ya ce faɗin Attaura "Bari mu yi mutum" dalili ne na Allah uku. Na ga malaman Yahudawa sun yi masa bayani. Ya halatta in kafa masa hujja da maganarsu?

Amsa: Ɗana, naƙalto maganar Ahlul Kitabi don hujja a kansu halal ne, wannan ba a ja. Abin da ke sauya hukuncin shi ne wace maganar za ka ɗauko, domin bakinsu bai zo ɗaya ba.

Sa'adiya al-Fayyumi, babban malamin Rabbaniyawa (Yahudawa masu bin Talmud, kundin koyarwar malamansu) da ya rasu a 942 Miladiyya, ya ce jam'in girmamawa ne, yadda sarki ke cewa "mun ba da umarni" alhali shi kaɗai ne. Wannan ɗauke shi, haka muke fahimtar "Inna nahnu nazzalnaz zikra". Talmud ɗinsu ma ya lura cewa ayar da ke biye ta ce "ya halitta", da tilo.

Amma fassarar da Rashi, malamin Yahudawa na Faransa, ya yaɗa, cewa Allah ya yi shawara da mala'iku don koya wa manya tawali'u, kada ta fito daga bakinka a matsayin gaskiya. Na ji wasu masu wa'azinmu suna haɗa ta da ayar Baƙara, wai ai ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. "Inni ja'ilun fil ardi khalifa" sanarwa ce da lafazin tilo, kan abin da aka riga aka zartar. Mala'iku suka yi tambaya, aka amsa musu da "Na san abin da ba ku sani ba". Ina shawara a nan? Mai shawara yana neman abin da ya ɓuya gare shi. Kyakkyawar niyyar koyar da tawali'u ba ta halatta jingina wa Allah abin da bai faɗa ba.

Ƙarra'awa, ɗariƙar Yahudawa masu riƙe da nassi su bar Talmud, su ma kada ka ɗauka duk nasu tsaf ne. Malaminsu Binyaminu an-Nahawandi a ƙarni na 9 Miladiyya cewa ya yi wani mala'ika ne ya halicci duniya, har al-Ƙirƙisani, ɗan ɗariƙarsu, ya yi masa raddi.

Sannan ina ji maka tsoron zurfafa a littattafansu kafin ka ƙware a tauhidi gaban malami. Abokin nan naka kuwa ka yi masa magana ku biyu, da ladabi, ba a gaban taron ofis ba.

Wallahu a'alam.