Ɗan duwan bai san ayari ba, mota ya sani

Ka tambaye ni me ya sa in za mu tsallaka da baƙin nan masu kampinka, motocin da ke da gado da kicin a ciki, nake sa ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tocila daren tashi, alhali sunan kowa yana cikin lis ɗin da ke hannuna. A ganinka tunda ayari ɗaya ne, madugu ya miƙa takarda guda a Ɗan Isa, bakin iyakar Nijar, a buga hatimi, mu gangara Jibiya ta Najeriya.

To ɗana, lis ɗin nan ni da kai kawai yake wa amfani. Ɗan duwan, wato ɗan kwastan, mota ya sani, kuma kowace da takardunta take shiga ƙasa, da su take fita. In motoci 8 ne, fayil 8 ke nan, wanda ya sami tangarɗa shi zai zaunar da sauran a rana.

Tocilar da nake ba ka ta lambar shasi ce. Haruffa da lambobi 17 ne, an buga su a jikin ƙarfen mota, sau da yawa kuma za ka gan su a gindin gilashin gaba ta gefen direba. Ka goge ƙura da tsumma, ka karanta da ƙarfi, wani yana bi a kart giris, wato takardar rajistar mota, da karne, littafin da ke ba mota izinin shiga ƙasa na ɗan lokaci. Inda sakatare ya rubuta 8 a gurbin B, ga hukuma wata mota ce daban, kuma ba a bakin iyaka ake gyara wannan ba. Ka duba sunan da ke kan kart giris ma. In motar ta haya ce ko ta surukinsa, sai direba ya zo da takardar izinin mai ita, da hatimin hukuma a kai.

Karnen duwan shi ne inda nake so ka buɗe kunne. Ƙungiyar masu motoci ta ƙasar baƙon ce ke ba da shi, bayan ya ajiye jingina mai nauyi, kuma wata 12 yake aiki. Alkawari ne cewa motar wucewa za ta yi, ba sayar da ita za a yi ba. Kowane shafi kashi uku ne. Ranar shiga, ɗan duwan ya yage na ƙasa, ya buga hatimi a na sama. Ranar fita, a yage na tsakiya, a sake buga wa na sama hatimi. Na saman nan yana zama a littafin, shi ne shaidarka. Baƙi suna zumuɗin hatimin shiga, na fita kuwa a gajiye suke, rana ta take, kowa na son ya ga ya wuce. Nan ake asara. In babu hatimin fita, a rubuce motar tana cikin ƙasar har yanzu, duwan za su nemi kuɗin fito daga ƙungiyar da ta tsaya masa, jinginarsa ta maƙale. Don haka ba na barin kowa ya tada inji sai na ga hatimi biyu da idona, kwanan wata ya fito sarai. Wanda ba shi da karne, lasafase, wato takardar izinin wucewa, ake yanka masa a duwan, kwanakinsa kaɗan ne, sai ka rubuta ranar ƙarewarsa a littafinka.

Asiransi kuma, wato inshora, koren katin da Turawa ke zuwa da shi ba ya aiki a nan. Katin da aka saba da shi a yankinmu shi ne ruwan ƙasa na CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, katin da aka kafa tun 1982, kuma ɓarnar da ka yi wa wani kawai yake biya, ban da motarka. Tunda Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, kafin kowace tafiya ka je wurin mai asiransi ya nuna maka ƙasashen da takardar ta rufe, a rubuce.

Na mutum ba su da wuya: fasfo, biza da aka samu tun kafin a taso, permin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na gida, da katin rigakafin shawara. Shi wannan sai allurar ta kwana 10 yake fara aiki, amma tun 2016 na har abada ne, kada wani ya ce maka ya mutu.

Ko takarda ta cika, iyakar ma tana da nata hali. Ka tuna Najeriya ta rufe ta a Agustan 2019 sai Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Maris ɗin 2024. Shi ya sa da asuba nake fara kiran direbobin Katsina in ji yadda hanya ta kwana.

Gobe ka yi wa kowace mota fotokopi uku-uku, ka sa a leda daban, ka rubuta lambarta a baya da maka. Motar da kake shakkar fayil ɗinta ita za ka sa gaba, don a fara da ita tun da sanyin safiya.